Tambayar da Ban Yi wa Baffa Ba

Da Allah zai ba ni ikon komawa baya in gyara abu guda cikin rayuwata, ba zan tsaya zaɓe ba. Zan koma wata ranar kasuwa ta damina, in tsaya bayan teburin depo, wato shagon magani, inda na yi aiki, in buɗe baki in yi wa wani tsoho tambaya. Tambayar ba ta da tsawo. Na san ta, an koya mini ita, ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na miƙa magani. Na yi kurakurai da yawa a duniya, wasu na manta, wasu an yafe mini. Wannan kuwa ba wanda ya taɓa tuhumata da shi, shi ya sa har yau yana nan inda na bar shi.

Jikanyata ce ta tayar da maganar ba da saninta ba. Tana birnin Paraku tana koyon aikin taimakon mai farmasi, ta zo hutu da littattafanta. Da hantsi takan zauna cikin zaure tana haddar kalmomin Faransanci da ƙarfi kamar mai tilawa, ni ina kan tabarma ina jin ta. Wata rana ta ɗago kai ta ce:

"Tsoho, kai da kake cika baki ka yi shekaru kana saida magani, bari in gwada ka. In ka faɗi na sake ka, in nemi saurayi."

"Wa zai ɗauke ki da wannan baki? Tambayi."

"Pozoloji."

"Yadda za a sha magani. Nawa za a sha, sau nawa, har yaushe."

"Efe sagondar."

"Abin da magani ke jawowa wanda ba shi anka nema ba. Jiri, ƙaiƙayi, gudawa."

"Kai! Ashe mijin nawa ba na yarwa ba ne. To, kontirandikasiyon."

"Halin da in mutum yana cikinsa ba a ba shi maganin, ko da shi ne ya dace da ciwonsa."

Ta tafa hannu, ta ce ko malaminsu bai faɗe shi da kyau haka ba. Ni kuwa na tashi na ce zan yi alwala, alhali azahar da saura. Na tsaya bayan gida da buta a hannu, ban zuba ruwan ba. Wannan kalmar ita ce na fi sani cikin duk kalmomin aikin, kuma ita ce ban yi aiki da ita ba ranar da anka bukace ta.

Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya. Kakanninmu Arawa ne, fatauci ya kawo su bakin kogin Kwara sunka zauna Malanbil, gidanmu na saida goro da gishiri ne. Ni kaɗai na bauɗe. Wani tsohon ma'aikacin jinya, mutumin kudu, ya bar aikin gwamnati ya buɗe depon magani kusa da kasuwa. Majo muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya. Ya ɗauke ni don ina jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da ɗan Fillanci, shi kuwa Faransanci da yarensu kawai ya riƙe da kyau. Da fari shara nake yi da tafinta. A hankali ya koya mini bambancin komprime da jelil, wato ƙwaya da kafso, ya koya mini karanta ordonansi, takardar da likita ke rubuta magani, ya koya mini sunayen magunguna na ainihi, ba na kwali ba.

Amma abin da ke cikin littafi daban ne da abin da ke zuwa gaban tebur. A garinmu da wuya mara lafiya ya zo da ƙafarsa. Aike ake yi. Miji ya zo wa mata, maƙwabci ya zo wa maƙwabci, direba ya zo wa mutumin wani ƙauye da bai taɓa gani ba. Kuma ba mai kiran magani da sunansa. Wani ya ce ja da rawaya, wani ya ce mai ɗaci, wani ya ciro tsohon fanko daga aljihu ya ajiye maka ya ce irin wannan. Saboda haka Majo ya kafa mini doka. Ya ce kada magani ya bar hannuna sai na san wa zai sha shi. In mace ce, sai na tambaya ko tana da ciki, ko tana shayarwa.

Shi yakan yi tambayar da babbar murya, ko gaban wa. Baƙo ne, ga farar riga, mutane sukan ce halin mutanen kudu ne, su yi dariya su ba shi amsa. Ni ɗan gari ne. Wanda ke tsaye gabana abokin babana ne, ko surukin yayana, ko limamin unguwarmu. Ta yaya zan dubi irin wannan mutum in tambaye shi cikin matarsa? Sai na koyi kewayawa. In ce, "Ba wani abu dai bayan wannan?" In sun ce babu, in miƙa. Na daɗe ina haka ba abin da ya faru, har na ɗauka dabara ce.

Akwai wani tsohon Bafillace da ke zuwa kasuwar Malanbil daga rugarsu, can bayan garin Gene. Baffa nake ce masa, don ya kai sa'an babana. Tsakanin Filani da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni, saboda haka in ya shigo depo sai kowa ya bar abin da yake yi ya saurara. Ba abin da ba mu faɗa wa juna. Yana da gyambon ciki, ya sha wahalarsa, har likitan asibiti ya rubuta masa wata ƴar ƙwaya da ta yi masa amfani ƙwarai. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, don kada wani ya neme ta da wata niyya. Yanzu ba a ba da ita sai da ordonansi, kuma ko a lokacin haka ya kamata. Abin da ya dace a sani shi ne, tana kwantar da gyambo, amma in mai ciki ta sha ta, tana tayar da naƙuda ba lokacinta ba. Majo ya taɓa riƙe kwalin a gaban idona ya ce, wannan, mace mai ciki ko sansanawa kada ta yi.

Ranar da nake magana, Majo ya tafi garin Kandi ɗauko kaya, ni kaɗai ne a depo. Kasuwa ta cika, ana ta turereniya. Sai ga Baffa da malfarsa da sandarsa bisa kafaɗa.

"Ina Ba'aren nan, bawana? Har yanzu ba a gane ba ka iya komi ba?"

"Ga ni, ɓarawon shanu. Na wa ka koro yau?"

"Na ubanka. Ya ce in saida in saya maka hankali."

"Ai da ka fara saya wa kanka takalmi."

Mutane sunka yi dariya. Ya jira anka ragu, sannan ya matso, ya rage murya. Ya ciro fankon maganinsa daga cikin hula, ya ajiye.

"Irin wannan nika so."

"Gyambon ya tashi?"

"A'a, ni lahiya ta lau. Yarinyar nan ce, ta ɗakin wancan yaron."

Na gane wa yake nufi. Ɗansa na fari ne, wanda ba ya kiran sunansa, da matarsa da anka kawo ba da daɗewa ba. Na ce mi ke damunta. Ya ce ƙirjinta ke zafi kamar an zuba barkono, abinci ba ya zama, ko warin man shanu ba ta so, sai tofar da miyau. Ya ce daidai yadda nasa ciwon ya fara.

Ina jin wannan bayani na gane. Ba sai an yi karatu mai zurfi ba. Amarya, amai, ƙin warin abinci, tofar da miyau. Tambayar ta taso mini. Na dubi tsohon, na dubi farin gemunsa, ga wasu mata biyu tsaye bayansa suna jiran siro, maganin ruwa na yara. Mutumin da yanzun nan na kira ɓarawo gaban jama'a, na kasa tambayarsa cikin surukarsa. Wasanmu ya kai ko'ina, amma bai kai nan ba. Kuma na san a wurinsu cikin fari ba a faɗinsa. Ita ba ta faɗi, mijin ba ya faɗi, uban miji kuwa ko ya gani sai ya yi kamar bai gani ba.

Na ce, "Ba wani abu dai bayan wannan, Baffa?"

Ya duƙar da kai yana kallon gindin sandarsa. Ya ce, "Ni mi na sani ga sha'anin mata?"

Bai ce babu ba. Wannan amsar kaɗai ta isa in bar maganin cikin kanta, in ce a kawo yarinyar asibiti, ko a turo mini tsohuwar matar Baffa mu yi magana. Amma na ga yadda kunya ta rufe shi, na ji tawa kunyar, na so mu fita daga wurin mu duka. Na ce wa raina wataƙila gyambon ne, ai yana bin gida. Na ɗauko maganin, na faɗa masa yadda za a sha, na naɗe masa cikin takarda. Ya sa cikin hula, ya ce Allah shi shirya Arawa, ya fita.

Na ci gaba da aiki, amma hankalina ya bi shi. Na ba wani mutum maganin tari ya dawo ya ce na ido ya tambaya. Bayan la'asar na rufe na koma gida. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce ke sayen nono wurin matan rugar nan, ta san su. Na yi kamar hira ce kawai.

"Amaryar gidan Baffa, kwana biyu kina ganinta?"

"Ina fa. Ta bar kawo nono, tsohuwar ke zuwa."

"Ko ba ta da lahiya?"

Ta dakata da tankaɗen, ta dube ni tana murmushi. "Malam, kai ma dai. Lahiyar ce ta kawo haka. Ranar da na gan ta ta ƙarshe, daga yadda ta ɗaura zane na gane. Ciki gare ta. Kowa ya sani, ba a dai faɗi."

Na faɗa mata abin da na yi. Ta ajiye rariya, ta ce, "To mi kake yi nan tsaye?"

Na fita da gudu zuwa tashar da mutanen Gene ke shiga mota. Anka ce tsoho mai malfa ya tafi tun azahar. Lokacin salula ba ta kai ruga ba, ba yadda za a yi sai dai mutum ya je da kansa. Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Na tsaya bakin hanya, ga masu kabu-kabu, ƴan babur na haya, suna kirana. A nan na yi kuskure na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Na ce ruwa zai sauko, hanyar daji za ta yi laka, ban san ainihin inda rugar take ba. Na ce ƙila ba za ta sha yau ba, mutanen daji sukan ajiye magani su fara gwada saiwa. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne sunka hana ni ba. Abin da ya hana ni shi ne, in na isa, mi zan ce? In shiga rugar mutane in ce na zo maganar cikin surukarku? Na koma gida na ce da safe. Maiɗakina ta ajiye mini tuwo, ta same shi yadda ta ajiye.

Da gari ya waye na ɗauki ɗan kabu-kabu. An yi ruwa sosai. Munka bi babbar hanya har Gene, munka sauka cikin daji. Inda anka kwatanta mana munka tarar da kufai, sai kashin shanu da turaku. Sun tashi sun matsa gaba don gudun gonaki, kamar yadda suke yi kowace damina. Wani manomi ya nuna mana yamma, wata mai itace ta nuna mana kudu. Babur ɗin ya riƙa nutsewa cikin laka, muna sauka muna turawa. Duk inda munka tsaya sai in lissafa a raina, yanzu ta tashi, yanzu an ba ta fura, yanzu ta buɗe takardar. Ina addu'a, amma ban san mi nake roƙo ba, don abin da nake so Allah ya hana ƙila ya riga ya faru.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu hango bukkoki. Baffa yana zaune gindin wata bishiya da ɗansa, nesa da juna kaɗan. Da ya gan ni ya miƙe da mamaki.

"Yau mi ya koro Ba'are daji? An kore ka daga aikin?"

Anka shimfiɗa mini tabarma. Anka fara gaisuwa, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina ruwa, ina shanu. Ina amsawa, kunnena yana wajen bukkokin mata. Shiru, ko tari babu. Na ce a raina shirun nan alheri ne. Anka kawo mini nono cikin ƙwarya, na riƙe ban sha ba. Ko a nan, bayan duk tafiyar da na yi, sai da na sake kewayawa.

"Baffa, maganin nan na jiya, an fara sha?"

"An sha tun jiya. Da safe ma an ƙara. Na ce ta riɓa, don shi yi saurin aiki."

Ƙwaryar ta karkace a hannuna, nono ya zuba bisa tabarma. Daidai nan tsohuwar matarsa ta fito daga wata bukka. Ba ta zo wurinmu ba, ta tsaya daga nesa, hannayenta a jiƙe, tana goge su da zane. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta buɗe baki ta rufe. Na ga ita ma abin da ya riƙe ni jiya shi ke riƙe da ita.

Na miƙe. Na ce da ƙarfi, da Hausa, sannan na maimaita da gurɓataccen Fillancina, "Inna, yarinyar nan ciki gare ta?"

Mijin ya tashi ya nufi wajen shanu ba tare da ya waiwaya ba. Baffa ya kau da fuska. Tsohuwar ta ce, "Jini take zubarwa tun asuba."

Tun asuba, kuma ba wanda ya ji muryar yarinyar. Ta cije zane tana murƙususu ita kaɗai, don kada surukinta ya ji. Maza suna zaune a waje ba su sani ba, ko sun sani sun yi shiru, har yau ban tantance ba.

Daga nan kunya ta fita daga kaina, amma ta fita a makare. Na ce a ɗaura amalanke yanzu. Na ce maganin da na bayar ne, ba ya haɗuwa da ciki, in ba a kai ta asibiti ba za a rasa ta. Na karɓi sauran ƙwayoyin na sa aljihu. Na tura ɗan kabu-kabu ya riga mu zuwa asibitin Gene ya sanar. Anka fito da ita naɗe cikin bargo. Ranar na fara ganin fuskarta da kyau. Yarinya ce siririya, leɓunanta sun yi fari, kuma da ta ga baƙon namiji sai ta ja mayafi ta rufe ido.

Ban taɓa ganin tafiya mai nisa kamar wannan ba. Shanun amalanken suna tafiyarsu, laka tana riƙe ƙafa. Tsohuwar tana riƙe da kan yarinyar, ni ina tafiya a gefe ina cewa a yi mata magana kada ta yi barci. Jini yana ɗiga ta tsakanin katako, ina ganinsa bisa ciyawa. Mijin yana biye daga nesa, bai matso ba, bai koma ba. Can sai yarinyar ta daina amsawa. Tsohuwar ta kira ta, ta sake kira, ta girgiza ta. Na tsaya cik, na ce shi ke nan na kashe ɗiyar mutane. Sai ta motsa hannu. Munka ci gaba.

A asibiti ungozoma ta karɓe ta, anka shiga da ita, anka sa mata ruwa. Bayan wani lokaci ungozomar ta leƙo ta ce mi ta sha. Na ciro ƙwayoyin na miƙa mata. Ta juya su, ta dube ni.

"Wa ya ba ta wannan?"

"Ni ne. A depo nake aiki."

"Ba ka san mi yake yi wa mai ciki ba?"

"Na sani."

"Ba a faɗa maka tana da ciki ba?"

"Ban tambaya ba."

Ta daɗe tana kallona. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Munka zauna a barandar asibitin, ni da Baffa. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai in miƙe. Wajen la'asar ungozomar ta fito ta ce jinin ya tsaya, yarinyar za ta rayu in Allah ya so. Ta ce cikin kuwa ya fita. Tsohuwar ta rufe fuska da zane. Baffa ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya tafi neman ruwan alwala, kamar rabin maganar kawai ya ji.

Da Majo ya dawo na faɗa masa komi, har da kwanan da na yi ban tafi ba. Na ɗauka zai kore ni, kuma na shirya. Ya zauna ya cire tabarau. Ya ce in ya kore ni zai ɗauko wani ɗan gari mai irin kunyata, a sake daga fari. Ya kwashe wannan magani daga kanta ya kulle. Daga ranar, duk wanda ya zo sayen magani don mace, sai ya tsaya bayana har ya ji na yi tambayar da bakina, da kalmarta, ba kewaye. Na yi wa limami, na yi wa surukin yayana. Wasu sun ɓata rai, wani ya ce ba ni da tarbiyya. Ba wanda ya mutu don an tambaye shi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne dawowar Baffa. Bayan ƴan makonni sai ga shi ranar kasuwa, da malfarsa da sandarsa.

"Ina bawana? Har yanzu ba a kore shi ba?"

Na fito na ja shi gefe. Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Abin da ya faru..."

Ya katse ni. "Mi ya faru? Yarinya ta yi ciwo, ka taso tun daga gari ka kai ta asibiti, ta warke. Allah shi saka maka."

"Ba wannan ba. Abin da anka rasa."

Ya dubi gindin sandarsa, irin kallon ranar nan. Ya ce, "Ni ban san an rasa komi ba." Sannan ya ɗaga murya ya ce in ba shi maganin ciwon gwiwa, in na iya gane shi.

A nan na fahimci inda na tsaya. Cikin da ba a taɓa faɗin akwai shi ba, ba za a faɗi ya zube ba. Ba zaman makoki, ba gaisuwa, ba tuhuma, ba kuma ƙofar da zan bi in nemi gafara. Ban san ko ya yi haka don ya rufa mini asiri ba ne, ko don shi ma yana ɗauke da nasa kason, tun da shi ya kawo fankon, shi ya ce ta riɓa. Mun ci gaba da wasanmu har ya rasu, amma ni ban sake kiransa ɓarawo ba.

Yarinyar kuwa, da ta samu ƙarfi ta koma kawo nono. Wata rana na dawo gida na tarar da ita a tsakar gida tare da maiɗakina. Da ta gan ni ta durƙusa, ta rufe rabin fuska, ta tura mini ƴar ƙwarya ta man shanu. Ta ce wa maiɗakina, ba ni ba, wai na gode wa Malam, an ce ba don shi ba da na mutu. Na dubi maiɗakina, ta dube ni. Na ce Allah ya ƙara lafiya. Na karɓi man. Ban faɗa mata ba. Na ce wa kaina faɗin zai tayar mata da ciwo, kuma zai jawo magana tsakaninta da surukinta. Ƙila gaskiya ne. Ƙila kuma tsohuwar kunyar ce ta sake sa wata riga. Daga baya rugarsu ta ƙetare gulbi, labarinsu ya yanke mini. Na ji an ce ta haihu, ban tabbatar ba, kuma ko ta haifi goma, wancan na fari ba ya cikinsu.

Ban ba jikanyata wannan labari da baki ba, na kasa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ita da abokan karatunta da duk wanda zai tsaya bayan tebur irin wanda na tsaya. Ku haddace kalmominku, suna da amfani, ni ma na haddace su. Amma ranar da za a bukace su ba malami ne zai tsaya gabanku ba. Wani dattijo ne da kuke jin nauyinsa, da fanko a hannu, yana magana a kan wata da ba ta nan, kuma shi ma yana fatan kada ku tambaya. Ina roƙonku don Allah, kada ku yi abin da na yi. Ku tambaya ko tana da ciki, da ainihin kalmar. In kun kasa, ku maida maganin cikin kanta ku ce a kawo ta. In kuma ya riga ya bar hannunku, kada ku jira gari ya waye.